Sababbin Kuɗin Inna da Liyarin Iya

Daga Allah muke, kuma wurinsa kowa ya dosa. Inna ta riga mu tafiya wata Talata da hantsi, kaka ta yi nisa, ana ta sussukar gero a bayan gari. Kafin azahar mun kai ta makwancinta a nan Gaya, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ni na zauna a zaure ina amsa gaisuwa. Maza ba su da dogon zance a makoki. Ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, a shafa, a tashi. Wani mai tuyar ƙosai ne kawai ya ɗan ƙara da cewa tun da yake sayen man gyaɗa a wurinta bai taɓa samun gauraye ba. A cikin gida ne aka yi maganar Inna ta gaskiya, maiɗakina ce ta kawo mini labari daga baya. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce, "Allah ya jiƙan mai kyauta. Ba ka shiga ɗakinta da yunwa ka fito da ita. Amma fa kada ta ga zanenki ya fi nata." Mata suka tuntsire da dariya a tsakiyar makoki, sannan suka shiga istigfari.

Iya tana zaune a bakin ƙofar ɗakin, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba tun safe. Iya yayar Inna ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a Ajingi take aure. Sai wata baƙuwa, wadda ba ta san kan gidan ba, ta ce, "Baiwar Allah, an ce ko abokin faɗa ba ta da shi."

Iya ta ɗago kai ta ce, "Kada ki yi wa gawa ƙarya. Ni ce abokiyar faɗanta tun muna 'yan mata."

Tana faɗin haka kukan ya ƙwace mata, sai da aka riƙe ta.

Gaisuwar makoki takan mai da mamata duk iri ɗaya: kowa mai haƙuri ne, kowa ba ruwansa. Ba na so a yi wa Inna haka, jikokinta su tashi suna jin labarin wata mata da ba ita ba. Inna tana da kyauta, tana da tsafta, tana riƙe salla. Tana kuma da kishi irin wanda ban taɓa ganin kamarsa ba, kuma kusan dukkansa a kan mutum ɗaya ya ƙare.

Asalin abin daga Kaka ne, mahaifiyarsu. Babarbariya ce, iyayenta sun taso daga gabas suka zauna a Ajingi tun tana ƙarama. Abin daraja da suka zo da shi wata sarƙa ce ta liyari, manyan kuɗin azurfan nan na da masu hoton wata mata mai jiki, an huda kowanne an zura a tsirkiyar fata. Da Iya ta tashi aure, Kaka ta rataya mata. Inna ta rantse har ta koma ga Allah cewa da kunnenta ta ji Kaka ta ce, in ƙanwarki ta tashi sai ku raba. Iya ita ma ta rantse ba ta ji wannan ba. Kaka ta rasu kafin auren Inna, ba mai raba gardama. Dangi suka haɗa wa Inna awaki a madadin rabonta.

"Awaki!" Haka take cewa duk sanda zancen ya taso. "Damina ɗaya zawo ya kwashe su. Ka taɓa jin azurfa ta yi zawo?"

Sannan ga ni. Da aka tashi yaye ni, wurin Iya aka kai ni, don lokacin ba ta samu haihuwa ba tukuna. Yayen da ake yi a dawo da yaro, ni sai da na isa shiga makaranta aka maido ni Gaya. Inna kuma kunyar ɗan fari ta ɗaure ta. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini wasa, in za ta ba ni abinci sai ta ture kwanon tana kallon wani wuri. "Kai wannan" shi ne sunana a bakinta. Iya kuwa in ta zo sai ta kira ni gatsau, ta ja mini kunne, ta ɗora ni a cinya, sarƙar nan tana kaɗawa a ƙirjinta ina wasa da ita. Inna tana gefe tana murza ƙuli-ƙuli, tana murza shi da ƙarfin da ya fi wanda ƙuli-ƙuli yake bukata.

Baba ya rasu ina saurayi. Bayan 'yancin kai da kaɗan na samu aikin malamin sikeli a rumfar wani mai sayen gyaɗa, na yi aure, Inna ta zauna tare da mu tana sana'arta ta mai da ƙuli. A shekarun nan ne aka janye kuɗin Turawa na da, namu na ƙasa suka bazu. Kowace kaka maigidana yakan ɗauko kuɗi daga banki a Kano cikin jakunkuna ɗaurarru, wasunsu daga inda aka ƙera su ba wanda ya buɗe. Ranar da aka fara biya na, na zaɓi fataka guda, wato sule biyu, daga sabuwar jaka, na kawo mata na albarka.

Tana tsakar gida tana tace mai. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta juya shi a rana. A bayansa an zana gyaɗa da furenta, kowane ganye a fito kamar a cire. Ta daɗe tana kallo.

"Kai wannan. Wa ya taɓa kashe shi?"

"Babu kowa, Inna. Yau aka yanke bakin jakar."

"Ko mutum ɗaya?"

"Sai ni da na ɗauko."

"Kai ai hannunka hannuna ne," in ji ta, ba ta dube ni ba. Ban taɓa jin magana mai kama da wannan daga bakinta ba. Ta sake juya shi ta ce, "Liyarin Yaya, hannu nawa ya bi ta kansa? Hancin matar ma ya shafe. Wannan kuwa daga maƙera sai ɗakina."

Ba ta kashe shi ba. Daga ranar ta ɗora mini aiki: duk sanda aka buɗe sabuwar jaka, in ba da tsoho nata in ɗauko mata sabo, kuma in zaɓi wanda bai gogu da 'yan'uwansa ba.

Ba wanda ya koya mata ajiyarsu, da kuskure ta koya. Da farko wani sule ya ɗan dushe, ta ɗauko toka da lemon tsami ta dirje shi kamar tasa. Ya yi haske, amma hasken ya mutu, duk jikinsa ya yi zane-zane. Ba ta sake wanke kuɗi ba. Wani karon ta ɗauki sabon kwabo da hannun mai, bayan wata guda sawun yatsarta ya fito a jikinsa baƙi, ya zauna ke nan. Tun daga nan sai ta wanke hannu da sabulu, ta bari ya bushe, sannan ta kama kuɗi ta gefe da yatsu biyu. Ta gane kwabo ya fi kowa rashin jimiri, jan ƙarfe ne, damina ɗaya a kusa da ƙasa sai ya yi kore, kuma ba ya shiri da gishiri ko kanwa. Ta gane taro mai kusurwoyin nan da wuya a same shi ba a bubbuge masa kusurwa ba tun a cikin jaka. Kowanne sai ta naɗe shi shi kaɗai a audugar da ta gurje da hannunta, ta jera a gwangwanin madara, gwangwanayen kuma a cikin wata kwalla mai murfi da ta ɗora can saman jere, nesa da danshi. In rani ya yi ta sauko da ita, ta sauya audugar, ta mayar.

Maiɗakina ta taɓa yi mata magana, cikin ladabi. "Inna, ai irin waɗannan cike suke da kasuwa. Da ma tsofaffi kuke tarawa, irin anini, da an ce abin tarihi ne."

Inna ba ta yi musu ba. Ta ce ta ɗauko cinikin man ranar ta zuba a faifai. Ta warware sisi guda daga audugarsa ta ajiye a gefe ta ce, "Nemo mini ɗan'uwansa a nan."

Maiɗakina ta tona ta tona. Wannan ya ƙwarzanu, wancan ya yi baƙi, wani an cije shi, wani ya sha goro.

"To kin gani," in ji Inna. "Anini kowace tsohuwa tana da shi a ƙasan adaka. Liyari kuwa kowane gidan Barebari akwai. Tsohon kuɗi kowa ya iya ajiye shi, tun da ba ya sayen gishiri. Sabo shi ne mai wuya, kullum yana kiranki ki kashe shi. In ya kwana ɗaya a kasuwa kuma ya zama na kowa."

Ko a nan sai da liyari ya shigo zancen. Kullum sai ya shigo.

Wanda ya fi ba mu wahala shi ne ɗari, rabin kwabo, don ba a cika kawo shi rumfar gyaɗa ba. Kakar gyaɗa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban samu mai kyau ba. Da na samo mata a Kano ta yanka zakara, ta ce sadaka ce, ta sa aka ajiye mini cinyoyin duka biyu.

A kan kuɗin da ya riga ya sha hannu kuwa ba ta da ƙwauro ko kaɗan. Matar da mijinta ya tafi cin rani ya bar ta da yara, Inna za ta cika mata kwalba da mai ta ce ta je kawai. Amma ranar da aiki ya kai ni kasuwar Ajingi na biya na gaida Iya, in na dawo sai na tarar an rufe tuwona an tura can ƙarshen rumfa.

"Ai na ɗauka ka ƙoshi," za ta ce. "Tuwon masu azurfa ba ya saurin sakin mutum."

Babban faɗan ranar sunan 'yata ta fari aka yi shi. Ni ina waje da maza, amma na ji shi daga bakin mata da yawa, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Iya ta zo da sarƙarta a wuya, an wanke ta tana walƙiya. Mata suka kewaye ta, wannan ta taɓa, waccan ta ɗaga ta ji nauyi. Zabiya ta dinga kirari tana cewa ga uwar uban jaririya, mai wuyan azurfa. A gidan Inna, ranar sunan jikar Inna, ana kiran wata uwata.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta sauko da kwallar da ba ta taɓa nuna wa baƙo ba. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, ta shiga warwarewa tana jerawa. Rana ta haske su. Mata suka leƙo, sai wata ta ce, "Af, ai kuɗin cefane ne." Aka yi dariya.

Iya ta miƙo hannu, hannun da ta gama cin waina da shi, ta ɗauki fatakan nan na farko. Ta murza shi da babban yatsa ta ce, "Kai, ƙanwata akwai wauta. Kuɗi ai don a kashe aka yi shi." Ta juya ta manna wa zabiya a goshi. Zabiya ta rangaɗa guɗa, ta cafe ta jefa a jaka cikin sauran.

An ce Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe sauran ɗaya bayan ɗaya, ta rufe kwalla, sannan ta ce, "Yaya, kin ci rabona na wurin uwarmu, na yi shiru. Kin riƙe mini ɗa har ya manta ƙofar ɗakina, na yi shiru. Yau kuma kin biyo ni har tsakar gidana."

"A kan sule biyu kike wannan magana? Zan ba ki huɗu."

"Ba ki da irinsa. Ba ki taɓa samun irinsa ba."

Iya ba ta kwana ba, ta bi motar 'yan kasuwa da yamma. Na bi zabiyar har gida washegari, ta zazzage mini jakarta, na ga fataka da dama, amma ban iya gane wanne ne ba. Na kawo wa Inna wani sabo daga rumfa. Ta karɓa, ta naɗe, ta ce, "Wannan na biyu ne."

Shekaru suka yi ba sa shiga gidan juna. In biki ya haɗa su a dangi, a gaisa sama-sama kowa ta nemi kusurwarta. Ni na zama ɗan aike. Iya ta ce in tambayi uwata ko kuɗin nata sun fara haihuwa. Inna ta ce in gaya wa Yaya ta rage rataya sarƙa, wuyanta ya fara tanƙwarewa. Ban taɓa isar da ko ɗaya ba, amma kowace ta san an aiko, don takan tambaye ni, "Me ta ce?" In na ce ta ce a gaishe ki, sai a yi tsaki.

Da aka zo canjin kuɗi zuwa naira da kwabo, aka yi shela cewa kowa ya fito da tsofaffin kuɗinsa kafin wa'adi ya cika. Na same ta na ce ta kawo na kwalla in canja mata, in ba haka ba za su zama ƙarfen banza.

"In na ba ka ina za a kai su?"

"Banki, Inna. Daga nan a narke."

"To kowa ya kai nasa a narke. Nawa su saura su kaɗai."

Na yi magiya, na turo Kawu, babban wansu, ya yi mata magana, ta ce Kawu ya je ya kula da jakinsa. Wa'adi ya cika suna naɗe a audugarsu. Abin da ta nema kawai in kawo mata sababbin da aka fito da su, na kuwa kawo. Ta fi son mai kwabo ashirin da biyar, wanda aka zana wa dalar gyaɗa. Ƙaramin cikinsu kuma, sabon rabin kwabo, wanda mutane suka raina tun ranar da ya fito, ta ce in samo mata da wuri. "Wanda kowa ya raina, shi za a nema a rasa." Ba a jima ba kuwa ya ɓace daga kasuwa.

Canjin kuɗi bai daɗe ba fari ya sauka. Gero ya bushe a tsaye, gyaɗa ba ta yi ba, rumfarmu ta yini ba a ɗora buhu a sikeli ba. Mu a Gaya da ɗan sauƙi, saboda sana'ar Inna da ɗan abin da na tanada. A Ajingi gidan Iya ya cika da jikoki, mijinta ya tsufa, rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Wata ranar kasuwa na je na ga wuyanta wayam. Ban tambaya ba, ɗanta ne ya ja ni gefe ya ce ta kai wa maƙerin farfaru, mai aikin azurfa, an sayi hatsi.

Na dawo na gaya wa Inna. Na ɗauka za ta ce Allah ya ƙara, ko aƙalla ta yi murmushi. Sai ta ajiye muciya.

"Ta sayar? Da rabina a ciki?"

"Yunwa ce, Inna. Yara ne a gidan."

"Ba ta san hanyar Gaya ba? Ta gwammace maƙeri ya san asirinta da ni in sani?"

Da safe ta ɗaure kwallarta a zane ta ce in raka ta. Muka sauka a Ajingi, ba ta ko kalli layin gidan Iya ba, muka zarce maƙera. Ta yi sallama ta ce, "Sarƙar da yayata ta kawo maka, ina take?"

Maƙerin ya nuna mata wani faranti cike da zobba da awarwaro. "Ga ta nan, Gwaggo, ta zama wannan. Saura guda biyu, su ma suna jiran wuta."

Inna ta durƙusa a ƙasan maƙera, cikin gawayi, ta buɗe kwalla. Ta warware sulalla da fataka ta jera masa a ƙyalle. Ta ce ya duba da kyau, babu wanda ya taɓa shiga kasuwa, ya ɗauki iya abin da ya ga dama ya ba ta biyun nan. Kafin in hana shi ya ɗauki sule guda ya sake shi a kan uwar maƙera. Na ga Inna ta runtse ido.

"Kin ji ƙararsa?" in ji shi. "Babu azurfa a ciki, farin ƙarfe ne. Ga shi an daina karɓa. Suna da kyau kam, ban taɓa ganin masu tsafta haka ba. Amma ko kyauta kika ba ni, sai dai yara su yi wasa da su."

Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, gaskiyar sana'arsa ya faɗa. Inna ta tsaya tana kallon abin da ta shekara da shekaru tana tattali. Sannan ta naɗe su, har wanda ya faɗi a uwar maƙera, ta rufe, ta miƙe. Ta ce, "Kada ka hura wuta a kan biyun nan sai na dawo."

Muka kamo hanyar Gaya. Muna isa gida ta aika a kira dillaliya. Jeren ɗakinta, tasoshi da kwallaye da fantekun da take tarawa tun tana amarya, waɗanda take gogewa duk Juma'a, ta sa aka sauke su duka, aka bar kwalla ɗaya tak. A shekarar yunwa ba a sayen jere da daraja, ta sani, ta sallama. Na koma Ajingi na karɓo liyarin, abin da ya ragu ta sa na auno gero.

Sai ta riƙe su duka biyun. Ta zura su a sabon zare ta rataya, tana tace mai da su, tana shara da su. Geron yana jingine a ɗakinta. Na fara jin haushi, don na san halin da ake ciki a can. Ba a daɗe ba na shigo na tarar ta cire su ta ɗora a tafin hannu.

"Ashe haka suke," in ji ta. "Duk sun suɗe. Kai wannan, nemo mana mota."

Mun tarar da Iya a tsakar gida tana tsinkar tafasa, ta rame har na ji tsoro. Ta ga an sauke gero, ta ga ƙanwarta tsaye. Suka gaisa kamar baƙi. Inna ta zauna a bakin tabarma, ta kwance bakin zane, ta ajiye liyari biyu a tsakaninsu. Ta tura ɗaya gaban Iya, ta ja ɗaya gabanta.

"Ga naki, ga nawa. Kin ga yadda ake rabo?"

Iya ta kalli azurfar. "Gori kika zo yi mini?"

"Shi na zo yi. Tashi ki ɗora wa yara tukunya."

Iya ta ɗauki nata ta juya, ta leƙa na Inna, ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Kin dai ɗauki mai sauran hanci."

"Ni na saya."

A ranar suka ci abinci a kwano ɗaya, suna ci suna musu a kan abin da Kaka ta faɗa da abin da ba ta faɗa ba.

Ba zan ce kishin ya ƙare ba. Da ɗan Iya ya sayo mata rediyo, Inna ta ce ƙarar tana sa ciwon kai, bayan mako ta tambaye ni nawa ake sayarwa. Amma hanya ta buɗe, yau wannan ta je, gobe waccan ta zo. Gyaɗa kuwa ba ta sake komawa yadda take ba, aka rufe rumfa, na koma gona da ɗan tebur a ƙofar gida. Sababbin jakunkuna suka yanke. Inna takan fito da mai dalar nan ta ce, "Sun zana dala a kuɗi, gyaɗar kuma ta tafi." In rani ya yi sai ta kira ni in riƙe mata ƙyalle tana sauya auduga. Ba ma wata hira. Ta ɗaga ɗaya ta ce, wannan na shekarar da aka yi ruwa da yawa ne, in ce haka ne. A wurina wannan zaman ya fi hira. Ban taɓa shakkar cewa kwallar nan tamu ce mu biyu ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, Iya ta tattaro ta dawo ɗakinta. Ita ke juya ta, ita ke dama mata kunu, Inna tana cewa ya yi ruwa, Iya tana cewa in ta iya ta tashi ta dama da kanta. A hannun Iya ta cika.

Da aka share makoki na ɗauki kayan Iya na raka ta tasha. Akwai wani ƙunshi da ta hana ni ɗauka, ta rungume shi a ƙirji. Sai da ta zauna a mota ta ɗora shi a cinya, bakin zanen ya zame, na ga murfin kwalla.

"Iya, wannan fa?"

"Ta ba ni. Da hannunta, da hankalinta, matarka tana tsaye."

Na ce, "Ni na kawo mata su. Kowane ɗaya da ke ciki ni na zaɓo."

"Na sani. Na ce mata ta bar maka. Ta ce kai ka ga sababbin kuɗi har ka gaji, ni kuwa ban taɓa mallakar sabon abu ba tun da aka haife ni, komai nawa saura ne." Ta gyara zanen ta rufe murfin. "Tana gargara tana yi mini gori."

"To ko guda ɗaya, Iya. Na tunawa."

Ta dube ni, idonta jawur, ta ƙara matse ƙunshin. "Ka jira in mutu, ka je ka yi rigima da 'ya'yana."

Yaron mota ya buga ƙarfe, suka tashi. Na tsaya a tasha, magidanci da furfura a gemu, ina jin haushin tsohuwar da ta goya ni, ina jin haushin wadda muka binne. Na tambayi maiɗakina me ya sa ba ta gaya mini ba, ta ce Inna ce ta hana, wai in na ji zan ɓata fuska ta kasa cikawa da daɗi.

Har yanzu abin bai sake ni ba. In na shiga ɗakin na ga gurbin kwallar a saman jere sai in fito. Ranar kasuwar Ajingi mai zuwa zan je gaida Iya. Na san ba za ta ba ni ba, zan dai je in ga ko ta ɗora ta nesa da ƙasa.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da alherin da ta yi wa mabukata da wanda ta yi wa 'yar'uwarta tana harara. Ya yafe mata kishinta. Ni kuma da na gada, Allah ya yaye mini.